Inda Na Tsaya da Jan Baƙi

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke fitar da matafiyi Ya kuma maido shi gida. Ƴan'uwa da kuka yi ta leƙa zaurena kuna tambayar inda na shiga kwana bakwai ban yi sallama da kowa ba, ga labarin. Da ajami na fara rubuta shi, don nan hannuna ya saba. Daga baya na mai da shi boko saboda waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar zamani.

Talata: Ƙonni zuwa Malbaza

Na fita gida ƙarfe biyar saura kwata, gari bai ko fara yin shaa ba. An yi ruwa jiya, sai na riƙe takalmina a hannu har na kai bakin kwalta. A masallacin tasha na yi asuba. Na sami motar hiyas mai zuwa Madawa tana lodi, na zauna bayan direba, muka tashi shida da rabi.

Abin da ya tayar da ni salula ce da ta yi kuka ran Litinin da la'asar. Muryar mace ce ban sani ba.

"Baba Habu? Rakiya ce, ɗiyar Malam Sa'idu. Daga Malbaza nike kira."

Shekara ashirin da shida ba wanda ya ambaci sunan nan a gabana sai da raɗa. Na nemi wuri na zauna.

Ta ce, "Baba ya hwaɗi ran Juma'a cikin garkar albasa. Ɓarin jikinai ya shanye. Kahin bakin shi ruhe, abin da yac ce shi ne, a ba Habu takarduna, shi ɗai ka iya haɗa su. Takardun na wurina."

A shingen fita gari jandarma ya karɓi katin shaidarmu. Ya dubi hotona, ya dube ni.

"Malam, wanga kai na ko ɗanka?"

"Ni ne, ranka ya daɗe, tun gemu na baƙi."

Ya yi dariya ya miƙo mini. Mota ta ci gaba, hatsi ya fid da kai dama da hauni, ni kuwa ba shi nake gani ba.

Wanda bai san Malam Sa'idu ba, bari in gaya masa. Zaure ɗaya muka yi karatu, akushi ɗaya muka ci. Da muka girma aka ba mu tafsirin azumi a masallacin unguwarmu. Ni ke jan baƙi, wato in karanta ayar da murya in tsaya, shi kuma ya fassara ta da Hausa. In ya gama sai ya buga tabarma da yatsa sau biyu, in ja ta gaba. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ban taɓa kuskure bugun nan ba.

Sa'idu ya yi hajji ta ƙasa yana saurayi, ya zauna Sudan shekara biyu. Cikin littattafan da ya komo da su akwai littafin Yahudu, an juya shi da Larabci. Ba don ya bi su ya sayo shi ba. Abin da ke damunsa shi ne labaran annabawa da masu wa'azi ke bayarwa, waɗanda ba su cikin Alƙur'ani, ba su cikin hadisi. Yana so ya san ta ina suka shigo. Na san littafin na ɗakinsa. Ni kaina na sha zama muna duba shi tare bayan la'asar.

Shekarar da abin ya auku, sanƙarau ya ɗauke masa mata da ɗansa na fari cikin mako guda. Mutane suka fara raɗa cewa littafin da ya ajiye a gida ne ya jawo masa. Azumi ya zo. Ran sha bakwai muka kai ayar da Annabi Ayuba ya kira Ubangijinsa cikin ciwo. Na ja, na tsaya. Sa'idu ya fassara, sa'annan ya ce labarin tsutsar da ake cewa Annabi Ayuba na ɗauka yana mayarwa a jikinsa ba shi da tushe. Wani dattijo ya ce, "Ina ka gani?" Da ya ce malamai ne suka faɗa, da an wuce wurin. Amma Sa'idu bai iya rabin gaskiya ba. Ya ce ya duba har littafin Yahudu bai same shi haka ba. Ya ƙara da cewa a can sun rubuta Ayuba ya yi kuka da ƙarfi, kuma ba laifinsa Allah Ya gani ba, laifin abokansa Ya gani, su da suka ce zunubinsa ne ya jawo masa. Ya ce mu ba mu gaskata wannan, ba mu kuma ƙaryata shi.

Masallaci ya ruɗe. "Littahin Yahudu, cikin masallaci, cikin azumi!" Sa'idu bai ɗaga kai ba. Ya buga tabarma sau biyu.

Na rufe Alƙur'ani, na tashi, na sa takalmina na fita. In mai jan baƙi ya tashi, tafsiri ya mutu. Ba ilimi ne ya tayar da ni ba, tsoro ne. Bayan kwana biyu aka tambaye ni ko gaskiya ne littafin ya ci iyalinsa, na ce, "To, Allah dai ba Ya zalunci." Kowa ya gane abin da nake nufi. Bayan salla Sa'idu ya kwashe ƴaƴansa biyu da suka rage ya koma Badagishiri wurin dangin uwarsa, ya kama noman albasa.

Mun bar mararrabar Tsarnawa a hauni, muka iso Malbaza bakwai da rabi, tafiyar kilomita talatin da ƴan kai. Tun daga nesa ake hango dogon ginin kamfanin siminti. Rakiya na tsaye bakin hanya da goyo. Ban tambayi kowa ba na gane ta. Goshin ubanta ne.

Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kai ni gida. Mijinta direban babbar mota ne, yana kan hanya. Ta kawo fura mai sanyi, sa'annan ta jawo wani buhun shinkafa daga ƙarƙashin gado ta kwance bakinsa.

"Ɗakin karatunai ya hwaɗi watan jiya, ruwa ya ci gindinai. Na tahi na tsinto su cikin laka, na shanya bisa rairai. Iska ya taso ya haɗe su duka. Ni boko na iya, Baba. Na so in jera su, ban ga lamba ko ɗaya ba."

Ba za ta ga lamba ba. Mu ba mu ɗinka littafi, ba mu kuma sa wa warƙa lamba. Kowace warƙa daban take, a tara su tsakanin tadarishi, wato bango biyu masu tauri, a sa cikin gafaka. Abin da ke riƙe su shi ne kalma ɗaya da mai rubutu ke sakawa can gindin warƙa, wajen hauni, ita ce kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. In ka bi ta, littafi ba ya ɓacewa ko iska ya watsa shi. Sai dai dole ka iya hannun mai rubutun, hannun Sa'idu kuwa ƙanana ne kamar sawun tururuwa. Malaminmu ya sha bugunsa a kai.

Na shimfiɗa tabarma uku a inuwar dogonyaro na fara. Warƙa ɗari uku da wani abu. Da tawada uku ya yi aikin. Abin da ya samu a littafin Yahudu ya dace da Alƙur'ani, da abin da shi kansa ya tabbatar, baƙa ya sa. Abin da ya saɓa, ja. Abin da Littafinmu ya yi shiru a kansa, ruwan ɗorawa, ba gaskatawa ba ƙaryatawa. Ruwan ɗorawa ya fi yawa nesa.

Ina jerawa ina karantawa, sai na ji kamar yana zaune gefena. A wata warƙa ya rubuta: "Mutanenmu na kiran littattafan Yahudu duka Attaura. Ba haka ba ne. Kashi uku suka yi musu: na Musa, na annabawa, da sauran rubuce-rubuce, inda Zabura take, inda labarin Ayuba yake." A wata kuma: "Wanda ya tsufa yana kwafi ya san inda hannu ya sake. Farkon labarin Ayuba da ƙarshensa zube ne mai sauƙi. Tsakiyarsa waƙa ce mai nauyi. Akwai kuma mutum na huɗu da ya faɗo cikin magana, ba a ambace shi da fari ba, ba a tuna da shi a ƙarshe ba. Ina zaton wani ne daga baya ya ga abokan sun kasa, ya ɗauki alƙalami. Allah ne Masani."

Rakiya ta kawo tuwon hatsi miyar kuka da azahar, ya huce ban taɓa ba.

"Baba, ka ci mana. In ka hwaɗi kai ma, wa za ni kira?"

Kafin magariba na gama. Amma littafin bai cika ba. Warƙar da ta zo ƙarshe a hannuna tana da kalma a gindinta, tana kiran wata, waccan kuwa babu ita. Muka zazzage buhun, muka juya shi. Babu.

Na kwana a zauren gidan.

Laraba: Malbaza zuwa Badagishiri

Rakiya ta ba ni tsohuwar gafakar ubanta, na sa warƙoƙin na rataya. Ba ta iya biyo ni sai mijinta ya komo. Ƙarfe bakwai na hau kabu-kabu ya maido ni Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu ta yi arewa. Na sayi ƙosai da kunu wurin wata mata, na jira mota har tara da kwata. Jika biyu da rabi direba ya ce zuwa Badagishiri, ban ja da shi ba.

Bayan Gidan Idar muka ratsa wani ƙauye da ruwa ya yi wa ɓarna. Katangu sun kwanta, rumbuna sun zauna ƙasa, mutane na zaune ƙarƙashin tamfol. Wani mai sabon rawani da ke gaban mota ya girgiza kai.

"Kun gani ko? Zunubi na. Mutane sun ƙi zakka, sun saki ɗiyansu, ga sakamako nan."

Wata tsohuwa da ke bayana riƙe da kaza ta ce, "Alhaji, gidanka na siminti ne ko na laka?"

"Mi ya kawo wagga tambaya, Inna?"

"Don in sani ko tsarkinka at tsare ka, ko siminti. Nawa ɗaki ya hwaɗi, jikata na ciki. Shekararta huɗu. Gaya mini zunubinta."

Direba ya rage rediyo. Alhaji ya ce, "Allah shi jiƙanta," ya juya ga taga. Ni kuwa na dafe gafaka, don jiya na karanta a cikinta inda Sa'idu ya rubuta da ruwan ɗorawa cewa abokan Ayuba uku sun zo sun zauna ƙasa tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Ƙarƙashinsa ya sa da baƙa: "Wannan shi ne mafi kyawun abin da suka yi. Da suka buɗe baki suka ɓata. Na karanta cewa malaman Yahudu daga nan suka ɗauko ladabin makoki, mai gaisuwa ba ya fara magana sai mai rashi ya fara. Mu ma muna da bukatar ladabin nan."

Shekara ashirin da shida da suka wuce, ni ne mai rawanin gaban mota.

An tsai da mu a shinge biyu, na jandarma da na duwan, wato kwastan. A na biyun suka ce in buɗe gafaka. Jami'in ya ɗaga warƙa ɗaya a juye.

"Laya ce, Malam?"

"Karatu ne. Don Allah a mai da ita inda aka zaro ta."

Ya mai da ita a hankali da hannu biyu.

Sha ɗaya da rabi muka gangara fadamar Badagishiri. Na tambayi gidan Malam Sa'idu mai albasa, aka nuna mini can bayan kasuwa. Na tarar da ɗansa Sani yana kwaɓa ƙasa don tada ɗakin da ya faɗi. Ranar da suka bar Ƙonni shekararsa tara. Yanzu magidanci ne mai faɗin kafaɗa. Na yi sallama, ya amsa bai daina aikin ba.

"Ni ne Habu, daga Ƙonni."

"Na san ka. Ina sahun baya ran da ka tashi. Na ga sanda ka sa takalmi."

Na tambaye shi ubansa.

Ya ce, "Baba ba ya nan. Jiya munka kai shi likita Illela. Sun ce ba abin da za su ƙara, a kai shi gida a yi ta addu'a. Hanya ta yi mai nisa, sai munka aje shi gidan ƙanwatai, Gwaggo Hajo, can Illela."

"Yana magana?"

"Da shina magana, da ba ka zo ba."

Gaskiya ya faɗa ko bai faɗa ba, har yau ina juya ta. Na roƙe shi ya bar ni in duba cikin kangon ko zan ga warƙa ɗaya. Ya ɗaga kafaɗa. Na naɗe riga na shiga ina tona da hannu. Na sami tsohon kurtun tawada da guntun alƙalami, ban sami takarda ba. Can na ji ya jingine shebur ya shigo yana ɗaga mini manyan ƙasa.

"Ka san mi aka kiranmu a lakwal? Ɗiyan Bayahude. Ni na so in ƙone littahin nan sau uku. Baba yac ce in na ƙone shi in ƙone da shi."

"Ka taɓa tambayarsa abin da ke ciki?"

"Ban so in sani ba."

Bayan la'asar aka kece da ruwa, ba halin tafiya. Matarsa ta kawo shinkafa da wake da kwaɗon zogala. Sani bai ci tare da ni ba, amma shi ya ɗauko mini gidan sauro da kansa.

Alhamis: Badagishiri zuwa Illela

Tun da asuba Sani ya tada babur ɗinsa ya ce in hau. Hanyar Illela ta yi yamma, ba ta kai kilomita ashirin ba, amma ƙorama ta cika da ruwan jiya. Muka tarar da amalanke da babura sun yi layi. Muka zauna kan dutse daga bakwai har tara saura. Duk zaman nan ina maimaita maganar da na shirya tun daga Ƙonni. Doguwa ce, da ayoyi a cikinta da uzurori. Da ruwa ya janye zuwa gwiwa muka tura babur, na ɗora gafaka a kaina.

Gidan Gwaggo Hajo na kusa da kasuwar dabbobi. Tsohuwa ce ƴar firit mai kaifin ido.

"Kai ne Habu? To, ka tsuhwa. Shiga, shina ciki. Kunne na ji, baki ne babu."

Yana kwance kan tabarma an tokare shi da matashi. Mutumin da na sani dogo mai cika ƙofa ya koma kamar karan dawa. Bakin ya karkace, hannun dama a mace. Idon ne kaɗai nasa. Ya dube ni, ya dubi gafaka, ya sake dubana.

Na ajiye maganar da na shirya. Na tuna warƙar abokan Ayuba. Na cire takalmi na zauna ƙasa gefensa, ban ce kome ba. Haka muka wuni. In lokacin salla ya yi in yi masa taimama, in yi tawa kusa da shi. In Gwaggo Hajo ta kawo kunu in ɗaga kansa ta ba shi da ludayi. Masu dubiya na shigowa suna fita. Wani ya fara cewa ciwo kankarar zunubi ne, Gwaggo Hajo ta ce masa an gode, ƙofa na can.

Juma'a: Illela

Rakiya ta iso da hantsi, mijinta ya komo. Bayan an sauko masallaci na yi alwala, na roƙi Alƙur'ani aka kawo. Na gyara zama a haunin Sa'idu, inda na saba zama. Sani na tsaye bakin ƙofa.

Na buɗe surar Annabawa, na nemo ayar da na tsaya a kanta. Na ja ta da muryar da ta rage mini, na tsaya kamar yadda mai jan baƙi ke tsayawa.

Ɗakin ya yi shiru. Nan ne wurinsa, shi ya kamata ya karɓa. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Sai na buɗe gafaka na zaro warƙoƙin Ayuba, na karanta fassararsa da bakina, da Hausarsa, ban rage ba ban ƙara ba. Na karanta na baƙa, na karanta na ja, na karanta na ruwan ɗorawa, ina faɗin launin kowane don ƴaƴansa su ji yadda ubansu ya rarrabe. Na karanta inda ya rubuta: "Annabinmu Ayuba ya gaya wa Ubangijinsa ciwo ya taɓa shi, kuma Ubangiji Ya kira shi mai haƙuri. Ashe kai kuka ga Allah bai ɓata haƙuri. Wannan a Littafinmu yake, ba sai na ara ba."

Na kai warƙar da ke kiran wadda babu. Na tsaya. Na ce, "Sa'idu, nan na tsaya. Ni na tashi na bar ka. Ni na ce abin da na ce bayanka. Ka yafe mini."

Hannunsa na hauni na kan tabarma. Yatsa ya ɗaga ya sauka, ya ɗaga ya sauka.

Na ja aya ta gaba, hawaye na sauka kan gemuna. Na ci gaba har ƙarshen surar.

Da na fito wanke fuska Sani ya biyo ni. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi mutum ne da bai iya ɓoye abu ba, kamar ubansa.

"Baba Habu, kada in bar ka cikin duhu. Hannun nan hakanan shi ka yi tun ran da ya hwaɗi. Shina motsi shi ɗai."

Ran nan ne ya fara ce mini Baba. Amma ya zare mini abin da na riƙe. Na koma na zauna ina kallon yatsan. Wani lokaci ya motsa sau ɗaya, wani lokaci sau uku. Ban sani ba ko ya amsa mini.

Asabar

Allah Ya karɓi abinSa da hantsi, wajen ƙarfe goma, Rakiya na riƙe da kansa, ni ina laƙƙana masa kalmar shahada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni da Sani muka yi masa wanka. Da muka zo cire ƴar taguwar da ke jikinsa tun ranar da ya faɗi a garka, Sani ya ji wani abu a aljihun ƙirji. Takarda ce an ninke ta huɗu, an naɗe cikin leda, gefenta ya yi laushi don yawan taɓawa. Ya miƙo mini. Ban buɗe ba sai da muka kai shi makwancinsa bayan azahar muka komo.

Kalmar farkonta ita ce wadda waccan warƙa ke kira. Ba ruwa ne ya tafi da ita ba, ba ta ma taɓa kwana cikin ɗakin ba.

"Karanta muna, Baba," in ji Rakiya.

Sama da ruwan ɗorawa ya rubuta. Ya ce a ƙarshen labarin, a littafin Yahudu, Allah Ya umarci abokan nan uku su koma wurin Ayuba, don shi ne zai roƙa musu gafara, kuma ya roƙa musu. Ya ce wannan ba ya cikin Littafinmu, ba mu gaskata ba mu ƙaryata.

Ƙarƙashinsa akwai layi uku da baƙa, tawadar da ba ya sa wa sai abin da ya tabbatar:

"Ko ya auku ko bai auku ba, na yi aiki da shi. Tun Juma'ar farko da na sauka Badagishiri nake sa Habu cikin addu'a, ban tsallake ko ɗaya ba. Tsoro ya ji, ni ma na san tsoro. Ba abin da ke tsakanina da shi sai ayar da bai ja ba."

Sani ya karɓi takardar ya daɗe yana kallonta, shi da bai iya karanta ko harafi ɗaya a ciki ba.

"Baƙa ce ko?" ya ce.

Na ce, "Baƙa ce."

Ya miƙo mini ita da hannu biyu.

Litinin: komawa gida

Na zauna makoki har addu'ar uku. Na lura Gwaggo Hajo ba ta barin kowa ya yi dogon jawabi. A gaisa, a yi addu'a, a zauna.

Ƴaƴan suka ce in tafi da gafakar in kwafe ta da boko. Sani ya ce in na gama in kawo masa da kaina, yana so ya san abin da ke ciki. Littafin Larabcin kuwa, wanda ya so ƙonewa sau uku, yana cikin akwatin ƙarfe bai jiƙe ba, ya ce ya zauna wurinsa.

Shi ya maido ni Badagishiri a babur, ƙorama ta ƙafe sai rairayi. Na sami mota sha ɗaya saura. A shingen duwan jami'in nan ya gane gafakar, ya ɗaga mini hannu bai ce in buɗe ba. Muka wuce Tsarnawa ƙarfe ɗaya, na sauka tashar Ƙonni ana kiran azahar. Ban nufi gida ba sai da na biya masallacin unguwarmu. An sake masa rufi, an shimfiɗa darduma inda tabarminmu suke, amma ginshiƙin da muke jingina yana nan. Na yi salla a gindinsa.

A zaurena na buɗe tadarishi na ɗora warƙar bisa ƴan'uwanta. Don sabo idona ya tafi gindinta wajen hauni, neman kalmar da za ta kai ni gaba. Wurin fari ne tas. Ya gama.

Na gode wa Allah da Ya ba ni kwana biyu gefen ɗan'uwana, ni da na zubar da shekara ashirin da shida. Na gode wa Rakiya da ta tsinto takardu cikin laka, da Sani da ya ɗauke ni a bayansa ransa bai so ba, da Gwaggo Hajo, da tsohuwar mota da ban ko tambayi sunanta ba, Allah Ya jiƙan jikarta. Wanda ya karanta wannan, in ran Juma'a ta zo, ya sa Malam Sa'idu cikin addu'a. Ni na karɓi wannan aikin daga inda ya tsaya.